Faransizinya da Lomar Kunya

Duk lokacin da sababbin ɗalibai suka sauka a Doha, ba a rasa ɗaya ko biyu da za su leƙo shagonmu na unguwar Fereej Abdel Aziz. Su ci, su sha ruwa, sannan su matso bakin tagar kicin su rage murya. "Anti Safiyya, in ana neman ma'aikaci ki tuna da ni. Ai sanwici ne kawai, burodi sama, burodi ƙasa, nama a tsakiya." Ba na jin haushi, don ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan ranar da na fara. Saboda ku nake wannan rubutu, ƙannena, duk da cewa akwai abubuwa a sana'ar nan da har yau ban gama gane kansu ba.

Sunan abin da muke sayarwa faransizinya. Abincin mutanen Porto ne, wani birni na bakin ruwa a ƙasar Portugal, kuma duk wanda ya kira shi abin taɓa baki bai taɓa ganinsa ba. Ana gasa burodi mai kauri, a shimfiɗa yankan naman sa, a ɗora soseji da aka tsaga biyu, a ƙara kyafaffen nama, a rufe da wani burodin. Sai a lulluɓe shi da cuku har gefe da gefe, kamar an rufa wa jariri bargo, a saka a tanderu cukun ya narke. A aza soyayyen ƙwai a kai, a kwarara miya mai zafi, ja-ja, har ta kewaye shi a faranti, a jera soyayyen dankali a gefe. Da wuƙa da cokali mai yatsu ake cinsa. Wanda ya ci ɗaya da rana, da wuya ya tambayi abincin dare.

A can garinsu da naman alade ake yi, miyar kuma da giya. In Allah ya kai ku wata rana, ku nemi inda ake yin na halal ku ci, ya cancanci a sha wahalar nemansa, amma ku tambaya kafin ku kai baki. Mai shagonmu, Dona Ameliya, tsohuwa ce 'yar Porto. Mijinta injiniya ne, ta biyo shi Doha, ya rasu, ita ta zauna. Ta daɗe tana neman yadda za ta dafa abincin garinsu ba tare da waɗannan abubuwa biyu ba. A madadin alade ta sa kyafaffen naman talotalo da sosejin naman sa. A madadin giya ta haɗa romon ƙashi da ruwan sha'ir marar bugarwa da ɗigon kal, ruwan tsamin nan da ake kira binega. Ba ta auna komai. Da harshenta take girki.

Ni adabi na karanta. Na zo yin digiri na biyu, na gama, ban shirya komawa gida ba, sai wata ƙawata ta ce ana neman mace a wani kicin. Shagon ne ya yi mini takardar zama, wato zamana a ƙasar nan ya rataya a wuyansa ke nan.

Yankan burodi shi ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa. Wuƙar doguwa ce mai haƙora, ba a danna ta, ja ake yi. Burodin jiya muke amfani da shi, don sabo da ya ji miya sai ya narke ya zama kunu. In yankan ya yi siriri ginin zai rushe kafin a kai tebur, in ya yi kauri miya ba za ta ratsa shi ba, mai ci ya tarar da tsakiya busasshe. Kaurin babban yatsan Dona shi ne ma'auni, nawa yatsan kuma bai kai nata ba, don haka sai na koyi ƙara kaɗan a ido. Ina da wata ɗabi'a ta tsayawa kallon tururi yana tashi daga kasko, in bi shi da ido har ya ɓace a rufi. Sai in ji muryarta a bayana: "Minina, sauko daga gajimare, burodinki yana ƙonewa!" Minina a bakinsu yarinya ke nan. Ni kuma Mama nake ce mata, kamar yadda za a ce wa kowace dattijuwa a gida.

Daga burodi aka mai da ni kan cuku. Ana jera yankansa ne yadda gefen wannan zai hau kan wancan, kada a bar ko ƙaramar kafa, domin ta nan miya za ta shiga da wuri ta jiƙa saman. A tanderu kuma ba a juya masa baya. Tsakanin narkewa da ƙonewa bai fi ka ɗauki tsumma ka ajiye ba. Tabon da ke bayan hannuna na dama daga ƙofar tanderun nan na samo shi. Bayan haka sai ƙwai, wanda dole gwaiduwarsa ta kasance ruwa-ruwa don ta gauraya da miya in an fasa ta. Nan muke rikici da mutanenmu, kowa sai ya ce a soya masa sosai. Sai cefane a kasuwar Souq Waqif, inda nake bin Dona layi-layi muna neman barkono ƙanana da wani busasshen ganye mai ƙamshi da take kira loro, wani tsohon ɗan dako yana biye da mu da baro.

Tukunyar miya ce kaɗai ba a bar ni na taɓa ba. Babbar tukunya ce mai kaurin gindi, da ludayinta na katako da ya yi baƙi. Amma kowace safiya in miya ta nuna, Dona za ta ɗebo a cokali, ta hura, ta ce, "Buɗe baki." In sha, ta juya ta ci gaba da aikinta. Ba ta tambayata yaya na ji. Na ɗauka dai kirki ne irin na tsofaffi.

Masu sayenmu a lokacin yawancinsu 'yan ƙasarta ne, injiniyoyi da ma'aikatan jirgin sama. Mutane ne masu ban mamaki. Suna ci suna mita. Wannan ya ce ta mahaifiyarsa ta fi, wancan ya ce ba a yin faransizinya babu giya, wani ya ce barkono ya yi kaɗan. Amma sai su bi faranti da dankali suna sharewa har ka rantse ba a zuba komai a ciki ba. Ni ce nake jin zafin maganganunsu. Dona ko a jikinta. Na kan tsaya in yi tunani: ga ni ina dafa abin da ban taɓa cin na asalinsa ba, kuma ba zan taɓa ci ba, ina sayar wa mutanen da suka ce ba shi ba ne amma suna dawowa kowane mako. Har yau ban san amsar wannan ba.

Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe shaguna, 'yan ƙasarta suka watse, da yawa ba su dawo ba. Dona ta kwanta ciwo, Allah ya tashi kafaɗunta, amma cutar ta tafi da wani abu. Ranar da muka sake buɗewa ta kira ni kicin, ta lashi gishiri, ta lashi sukari, ta dube ni.

"Yashi," in ji ta. "Duka yashi. Hancina ma ya mutu."

Ta ce hayar shagon za ta ƙare in zafi ya wuce. "In miyata ta mutu, khalas, shi ke nan, zan rufe in koma Porto. Ba zan sayar wa mutane abin da ya lalace ba." Ba ta ambaci takardar zamana ba, ni ma ban ambata ba. Mu duka mun san in ƙofar nan ta rufe, sai dai in haɗa kayana.

A ranar ta ɗora miya da abin da hannunta ya saba, ta ba ni a cokali. Ita ce, babu abin da ya canza. Na faɗa mata, ta gyaɗa kai. Saura masu ci. Na bi 'yan uwanmu na unguwar Madinat Khalifa inda nake zaune, ɗaki-ɗaki, ina roƙo su zo su gwada. Suka zo kuwa. A gabansu akwai Malam Sagir, mutumin Katsina mai karatun digiri na uku, mai yawan kunya, wanda ko ruwa zai nema sai ya ba da haƙuri. Akwai kuma Anti Rifkatu, nas ce 'yar Kafanchan, wadda saboda aiki ba ta zama, sai dai a ƙunshe mata ta tafi da shi. Suka ci, suka yaba, suka sa albarka. Na koma gida da murna.

Washegari na ga Dona ta ƙara kal a tukunya.

"Mama, ta jiya ai daidai take."

Ta dube ni, ta ci gaba da juya miyarta. Kashegari ta rage barkono. Bayan nan ta ƙara sukari. Wata rana ta bar miyar a wuta har ta yi kauri kamar fate, wata rana ta tsinka ta. Yau ka ji kamar an jiƙa tsamiya, gobe kamar an dafa tumatir da alewa. Kullum ina gaya mata ta koma ta farko, kullum tana yi mini kallon wanda aka kama da ƙarya. Na rasa gane abin da ke faruwa. Na ce ko cutar ta taɓa mata tunani. Na ce ko wani ya kai mata gulmata. Har na fara zargin harshena, na riƙa lasar gishiri a ɓoye in ji ko ni ma nawa ya tafi. Mutanenmu kuma ba su fasa cewa "Masha Allah, Allah ya ƙara albarka" ba, sai dai kujerun da ba kowa suna ƙaruwa. Na shiga ɗakin ajiya wata safiya na tarar an jingine sababbin kwalaye, irin waɗanda ake haɗa kaya a ciki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Sagir ya zo ya ci. A ranar Anti Rifkatu tana hutu, karo na farko ke nan da ta zauna a tebur. Malam ya gama, ya ture faranti da 'yar kusurwar sanwici da ragowar miya a ciki, ya yi godiya. Na kai farantin kicin. Ban ankara ba sai ga Dona ta fito da shi a hannu, ta dire a gabansa.

"Minina, tambaye shi. Me wannan kusurwar ta yi masa?"

Na fassara. Malam Sagir ya gyara hula. "Malama Safiyya, ki ce mata wallahi na ƙoshi ne."

"Kullum a kusurwa ɗaya ƙoshinsa yake tsayawa?" in ji Dona. "Tun ranar farko haka yake yi. Shi da abokansa duka. Har ke." Ta nuna ni da yatsa. "Kina ce mini miyar farko ta yi, amma in kin ci abincin rana sai kin bar loma. Ni ba na sauraron abin da mutane suke faɗa. Tun ina yarinya a kicin ɗin mahaifiyata faranti nake kallo. Mutanenmu suna zagina, amma farantinsu fes yake dawowa. Ku kuna yabona, ko sau ɗaya faranti bai dawo mini da tsabta ba."

Na tsaya baki buɗe. Wallahi ban san ina rage loma ba. Hannuna ne yake yi ba da shawarata ba.

Anti Rifkatu ta fashe da dariya har tana buga tebur. "Kai, Hausawa! Za ku kashe tsohuwa da kunya! Malam, ba ku ne kuke cewa addini ya ce a suɗe kwano ba?"

"Anti, wannan a gida ne, in ƙofa tana rufe."

"A waje fa?"

"A ce Sagir bai taɓa ganin nama ba?"

Na juya na yi wa Dona bayani a hankali. Na ce a wurinmu baƙo ba ya cinye abin da aka ba shi. Yana ragewa ne don mai gida ya san abinci ya wadata, kuma yaran gida su samu.

Ta waiwaya hagu da dama. "Waɗanne yara? Ina yara a nan?"

"Babu, Mama. Al'ada ce."

"Wato in abinci ya yi daɗi ku rage. In bai yi ba fa?"

"Mukan rage da ɗan yawa."

"To ta yaya mai girki zai sani?"

Can Malam Sagir ya ce, "Ai mun faɗa mata ya yi daɗi."

"Yau ma ka faɗa," in ji Anti Rifkatu. "Tsakaninka da Allah, Malam, ta yau ta yi daɗi?"

Ya kalli rufi. "Akwai ɗan tsami."

"Ɗan tsami! Ni haƙorana har yanzu ba su dawo hayyacinsu ba. Ta farkon nan da na kai asibiti, har murfin robar na lashe. Wa ya ce ku taɓa ta?"

Dona ta ja kujera ta zauna. Sai a lokacin ta gane cewa miyarta lafiya lau take a ranar farko, ita ce ta bi ta da gyara har ta kashe ta.

Kuna iya cewa ai shi ke nan, sai a koma ta farko. Ni ma haka na zata. Amma da safe na same ta tsaye gaban tukunya da kwalbar kal a hannu, ta kasa zubawa. Canje-canjen nan sun rikita mata hannu, ya manta inda yake tsayawa, ga shi babu harshen da zai tuna masa. Ta ajiye kwalbar, ta ɗauki baƙin ludayin ta miƙo mini.

"Harshenki ya sha miyata shekara da shekaru. Nemo ta."

Ko dama saboda irin wannan rana take ba ni cokalin nan, ko kuwa dacewa ce, ban sani ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba. Ta dai kafa mini sharaɗi. Kullum in dafa, in haɗa faransizinya cikakkiya, in zauna a tebur in ci a gabanta. "Ba na son kalma ko ɗaya daga bakinki, don bakinku ba ya iya cewa a'a. In miya ba ta yi ba, ki rage gwargwadon lalacewarta. Ranar da ta yi, ki share faranti irin na mutanenmu. Daga nan zan san ko in zauna ko in tafi."

Neman ɗanɗano a cikin kai aiki ne mai rikitarwa. Kamar neman gidan da aka taɓa kai ka kana yaro ne, ka san launin ƙofar amma ba ka san layin ba. Na san yadda miyar take fara wa harshe da zaƙin albasa, ta bi da tsami siriri, sannan barkono ya zo daga baya ya zauna a maƙogwaro. Yadda ake isa can ne ban sani ba. Ranar farko na rage fiye da rabi. Na gano albasa sai ta soyu har ta kusa ƙonewa. Na gano ganyen loro in ya daɗe a tukunya ɗaci yake saki. Ruwan sha'ir kuma sai an bar shi ya tafasa shi kaɗai kumfarsa ta mutu kafin a zuba romo. Dona tana tsaye tana kallon hannuna, wani lokaci ta kama wuyan hannun ta rage masa sauri, amma yawan abin da za a zuba ba ta da ta cewa. Wata rana in matso kusa, washegari in yi nisa ban san dalili ba. Na sauya tumatir, na sauya wuta, na sauya har ruwan da nake zubawa.

Ga cin kansa wani aikin ne. Rigunana suka fara matse ni. Anti Rifkatu in ta zo karɓar ƙunshinta sai ta tsaya a kaina. "Ƙanwata, sana'ar nan ta karɓe ki, kumatu har sun fito. Ki ce wa Mama ko tana neman mataimakiyar mai ci." Ragowar tawa dai tana raguwa, daga rabi zuwa kwata, daga kwata zuwa 'yar kusurwa. Zafi kuma ya fara ja da baya. Wakilin mai ginin ya leƙo yana tambaya ko za mu sabunta haya, Dona ta ce ya dawo. Kwalayen ɗakin ajiya, na ga an fara cika wasu da tukwanen da ba ma amfani da su.

Ranar da abin ya faru, kal ɗin ne na manta ban zuba ba sai da na kashe wuta. Na ɗiga shi a haka, na juya, na ɗanɗana. Na ajiye cokali, na sake ɗauka, na sake ɗanɗanawa. Na gasa burodi, na jera nama, na rufa cuku, na aza ƙwai, na kwarara miya, na ɗauka zuwa tebur. Rana ce tsaka, akwai mutane a shagon, Malam Sagir yana zaune a teburin da ke kallon nawa. Dona ta ja kujera ta zauna a gabana kamar kullum, ta harɗe hannu.

Na ci. Na fasa ƙwai ya gangara cikin miya, na ci gefe, na ci tsakiya. Da na iso lomar ƙarshe sai hannuna ya ajiye cokali da kansa, ya fara ture faranti. Na ga idon Dona ya sauka a kan lomar. Ta yi ajiyar zuciya, ta kai hannu baya tana kwance igiyar rigar girkinta.

Na jawo farantin. Na soki lomar na kai baki. Na ɗauki dankalin da ya rage na bi gefen faranti da shi, na kewaya, na sake kewayawa, a gaban maza, a gaban baƙi, har da ɗan abin da ya maƙale a baki-baki. Malam Sagir ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa, don ya rage mini nauyi.

Dona ta ɗauki farantin da hannu biyu, ta karkata shi wajen hasken ƙofa, ta duba shi da kyau. Ta shafa yatsa a tsakiyarsa ta kai baki, ita da ba ta jin komai. Sannan ta mayar da igiyar rigarta ta ɗaure.

"Gobe ki zo da wuri, minina, tumatir ya ƙare," in ji ta. "Kuma ki kwashe mini kwalayen nan ki fitar, suna tare hanya."